Rasuwar Takalman Mereana a Bakin Tsuntsayen Kea

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da take roƙon Ubangiji ya sanyaya mata, Uwargida Mereana Tautahi ta garin Wanaka tana sanar da rasuwar takalmanta na hawan dutse, waɗanda aka yi wa kisan gilla ranar Talata da tsakar rana. Shekararsu goma sha ɗaya a ƙafarta.

Marigayan masu riƙon amana ne. Ba su taɓa zamewa a kan ƙanƙara ba, ba su taɓa fitar mata da bororo ba. Na hagu yana da ɗan kuka, ƙii, ƙii, wanda mijinta Rawiri ke gane dawowarta da shi tun daga bakin ƙofa.

Ajali ya same su a bukkar masu hawa, a atisayen ƙarshe kafin ta hau ƙololuwar dutsen Tititea. Wata takwas ta yi tana shiri, domin likita ya ce bayan aikin gwiwar da za a yi mata a watan Afrilu, ita da manyan duwatsu sai kallo. Ta cire su a baranda, tunda ba a shiga bukka da takalmi, ta shiga shan shayi. Ta san halin kea, akun dutse, tun tana yarinya, amma ta ce minti biyar ne kawai.

Tsuntsayen su huɗu suka sauko. Suka zare igiyoyi, suka tsinke harshen na dama, suka farke cikinsa, suka watsa sosonsa a kan duwatsu. Na hagu kuwa da ransa suka ja shi zuwa bakin kwazazzabo suka hankaɗa, sannan suka leƙa suna shewa. Ta fito sanye da safa tana jifansu da cokali. Da ta iso gida cikin silifas na aro, Rawiri ya dubi ƙafarta ya ce, "Mere, ke da kike yi wa baƙi wa'azi kan tsuntsayen nan?" Ta yafe masa, da ƙyar.

Sun bar jakar goyo, da gatarin ƙanƙara, da safa biyu marayu.

Za a binne abin da ya rage na na dama gobe Alhamis bayan addu'ar safe, a gindin lemon da ke bayan gidansu. Gawar na hagu ba ta samu ba. Ranar Asabar, in Allah ya yarda, Mereana za ta hau Tititea cikin sababbin takalma masu taurin kai da ba su san ƙafarta ba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni. A kawo filasta.