Rasuwar Opal, Bindigar Loretta Haugen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Loretta Haugen ta ƙarshen titin tsakuwa a bayan garin Talkeetna ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramar bindigarta samfurin magnum mai cin harsashi biyar, wadda 'yan gida ke kira Opal. Ta rasu bayan shekara goma sha huɗu tana aiki.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a hannun Merle, mijin Loretta, a shekarar da wata beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai gashi da farata, ta ɓalle ƙofar ɗakin da suke bandar kifi. Ya ajiye ta kan tebur ya ce, "Ki riƙa ɗaura ta, Lori. Ba ni da wata matar a ajiye."

Duk wanda ya taɓa ɗaukarta ya shaida ba ta da nauyi, gwangwanin wake ma ya fi ta. Sai dai in ta yi magana, tafin hannu kan kwana biyu yana tuna ta. Ba ta da surutu. Abin da aka fi ji daga bakinta shi ne "ƙyas" in an rufe ta da safe, sai kuma "daram" sau goma a shekara, ranar da Loretta ke gwajin hannu a kan gwangwanaye. Ta sha ruwan sama, ta sha ƙanƙara, ta sha ƙarnin kifi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ba ta taɓa kashe komai ba. Sau ɗaya ta yi tsawa sama, wata beyar ta canza hanya, kowa ya koma gida da ƙafafunsa.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Agustan bara. Loretta da yayarta Verna suka shiga daji tsinkar 'ya'yan itace, karyarsu Juniper na biye. Ɗamarar bindigar ta dami Loretta a ƙugu, sai ta kwance ta, ta tura ta can ƙasan jakar goyo, ta ɗora burodi da butar kofi da safa a kai, ta rataye jakar a reshe.

Verna ta ce, "Ke dai ba kya jin magana. A jaka za ta tsare ki?"

Loretta ta ce, "Haba Yaya, minti nawa za mu yi?"

Ba su cika rabin bokiti ba wata beyar ta fito daga cikin ƙurmi da 'ya'yanta biyu, ta nufo Verna. Juniper ta shiga tsakani. Loretta ta ruga wurin jakar, tana ciro burodi, tana ciro safa, kunnenta na jin kukan karyar. Kafin yatsunta su taɓa ƙarfe, beyar ta kora 'ya'yanta ta tafi. Verna ta tsira ba ko ƙwarzane. Juniper kuwa kafaɗarta a yage, Verna ta naɗe ta a rigar sanyinta ta rungumo ta.

A kan gadar katako da ke hanyar komawa mota, Loretta ta dubi abin da ke hannunta ta ce, "Wane amfani kika yi min?" Ta wurga ta cikin rafi iya ƙarfinta. Da suka isa gida ta ce wa Merle suɓuce mata ta yi a kan gada. Verna ta dubi ƙasa, ta rufa mata asiri har shekara guda.

Haka marigayiyar ta yi hunturu ƙarƙashin ƙanƙara, aka ɗora mata laifin da ba nata ba. A makon jiya, da ruwa ya janye, maƙwabcinsu Orval Pietila mai gyaran bindigogi ya hango ta tsakanin duwatsu yana kamun kifi. Ya kawo ta gida a cikin tsumma. Harsasanta biyar na nan yadda aka zuba su.

Ya ce, "Loretta, na duba ta, ba yadda za a yi. Tsatsa ta cinye cikinta." Ya sosa ƙeya. "Sai dai ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa na same ta, taku ashirin kafin gada. Ni kuwa ban taɓa ganin ruwa ya koma baya ba."

Merle na zaune yana shan kofi. Loretta ta ce, "Ni na jefa ta, Merle. Ranar ma ba ta jikina, a jaka na sa ta."

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Ita dai ba ta da bakin kare kanta, Lori."

Marigayiyar ta bar ɗamararta ta fata da har yanzu ke riƙe da siffarta, da rabin kwalin harsashi, da ɗan buroshin wanke hancinta da kwalbar mai. Ta bar Verna, wadda sai yanzu ta sauke nauyin ƙaryar da ba ita ta yi ba. Ta kuma bar Juniper mai ƙafa uku, wadda ko yau da safe ta yi ɗingishi ta tarbi Loretta a bakin ƙofa tana kaɗa wutsiya, abin da ya fi komai hana Loretta sakewa.

Orval zai zare harsasan ya yanka gawar gida uku ranar Juma'a. Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a bayan ɗakin bandar kifi, kafin ƙasa ta daskare. Akwai kofi da busasshen kifi ga masu zuwa. Mai makokin na roƙon kada a kawo furanni, kada kuma wani ya ce mata ba laifinta ba ne. Merle ya ce zai haƙa ramin, ta karɓe shebur ɗin daga hannunsa. Ita za ta haƙa.