Ranar da Doki Ya Kora Ni Cikin Teku

Daga Manassas, garin da muke zaune a ƙasar waje, ni da matata da 'yarmu Ilham muka tuƙa mota zuwa wani tsibiri a bakin teku, inda dawakan daji ke yawo ba linzami. Ma'aikaciyar wurin ta gargaɗe mu kada mu matsa kusa da su. Murmushi kawai na yi. Ni da na taso ina yi wa dokin kakana wanka a Funtuwa?

Muna shimfiɗa tabarma sai ga wani ƙaton doki ya nufo kwandon abincinmu.

"Baban Ilham, mu koma mota," in ji matata.

Na ce, "Zauna ki sha kallo."

Na miƙe, na gyara hula, na daka masa tsawa irin ta kakana. Ya kwantar da kunnuwa ya yo kaina. Ban san sanda na watsar da takalma na afka teku ba, ruwa har ƙirji, ga waya a aljihu. Daga can na kalli yadda ya cinye mana burodi da kankana, Ilham kuwa tana ta ɗaukar bidiyo.

Kafin mu isa gida bidiyon ya zaga gari. Har yau, in na fito daga sallar Juma'a, sai in ji dattawa suna cewa, "Sarkin Dawaki, ya ruwa?"