Sa a Rijiya, Izini a Yamai

Wani ne a wani ƙauye can cikin Arewa, ya sayo sa a kasuwar Matankari, ja mai tozo, yana ji da shi kamar ɗan fari. Kwana uku da zuwansa, san ya zurma tsohuwar rijiyar bayan gari. Rijiyar ba ruwa, san kuma bai karye ba, sai kuka yake yana kallon sama.

Maƙwabta suka rugo da igiyoyi. Mutumin ya tare su.

"Kar wanda ya taɓa min sa! Ina amfanin ƙuri'ata? Ni na zaɓi Munkaila ya zama mer, magajin garinmu. Yanzun nan zai turo motar meri da sarƙa."

Ya ce wa matarsa Hanifa ta riƙa zura wa san harawa da ruwa. Ya ɗau sanda, sai meri, ofishin mer.

Tun daga ƙofa yake ihu: "Ina Munkaila? Ya hito!"

Sakatare ya ɗago kai. "Baba, ina kake tun bara? Ai an rushe su, shi da konseyoyinsa, 'yan majalisar tasa, duka. Munkaila na gona. Yanzu sai dai ka ga Mushe."

"Mushe? Innalillahi! Da rai hwa na baro shi!"

"Ba sanka ba, Baba. Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, wanda aka turo daga Yamai, babban birni, ya riƙe gari."

Aka shiga da shi. Mushe ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Mota ba ta motsi sai da izinin Yamai."

"Ga ta can ƙarƙashin itacen bedi, kaji na ƙwai a ciki!"

"Su ma ba ni na ba su izini ba."

"To wallahi ban ƙara zaɓenka!"

"Da ma kai ka zaɓe ni?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "To yanzu wa zan daina zaɓe?"

"Rubuto mana, mu aika a tambaya."

Sakatare ya rubuta masa takarda, ya ce, "An gama. Abin da ya rage sai kashe."

"A kashe wa? Ku mutanen ga, mi sana ya yi muku?"

Da ƙyar aka fahimtar da shi hatimi ake nufi, kuma hatimin yana Doso. Ya hau mota a Dogon Dutsi. A Doso aka ce mai hatimin ya tafi taro Yamai, hatimin na aljihunsa. Ya bi shi. Kwana biyar yana hawa bene yana sauka, har ya faɗa wani biro, ofis mai sanyi kamar randa. Wani mai kwat ya jawo alƙalami da takarda.

"Sunan sa?"

"Ja."

"Sunan mahaifinsa?"

"Ban samu ganinsa ba, ranka ya daɗe."

"Da son ransa ya shiga rijiyar?"

"Bai shawarce ni ba."

"Koma gida. Za a turo tawaga."

Ya iso gida bayan kwana goma sha biyu, ya rame, takalmi ɗaya ya tsinke. Yana shiga sai ga sa ƙarƙashin gawo yana tuƙa, ya yi ɓulɓul.

Hanifa ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ai ran da ka tahi, kahin la'asar mutanen gari suka hiddo shi."

"Da izinin wa?"

"Da igiya."

Wata huɗu shiru. An cire gero an gama, sai ga fararen motoci uku sun tsaya bakin rijiya. Aka kafa ƙarfe da kurar jan igiya, aka ɗau hoto. Shugaban tawaga ya buɗe takarda.

"An turo mu fitar da sa ɗaya. Ina mai sa?"

"Ga ni, Mushe. Amma san ya hita. Ga shi can."

"Wancan yana waje. Mu na ciki aka ce. Sauka ka tabbatar mana."

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka zura shi. Da ya isa ƙasa ya kwance igiyar, ya laluba ko'ina, ya ɗaga murya: "Babu kowa, sai ni!"

Shugaba ya rubuta, ya ce wa mutanensa su naɗe igiya.

"Kai, Mushe! Ku hidda ni mana!"

"Izininmu na sa ne. Na mutum sai an rubuta wata takarda Yamai."

Maƙwabta suka yunƙura da nasu igiyoyin. Shugaba ya ɗaga hannu: "Kar wanda ya matso! Rijiyar nan yanzu tana hannun hukuma."

Hanifa ta ɗora hannu a ka. Can sai aka ji daga ƙasan rijiya:

"Mbuuuu! Ku ja, Mushe, ashe san na nan!"