Ba a Yanka Mota da Ƙishirwa

A garinmu an yi wani mutum ana ce masa Nomau, da matarsa Hansai da 'ya'ya huɗu masu cin tuwo kamar gara. Nomau ba mugu ba ne, sai dai duk maganar da ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama. Wurin aiki shida aka sallame shi. Hansai ta je ta yi wa yayanta Sallau kuka, shi kuwa yana da fili a bayan tasha inda ake yanka tsofaffin motoci a sayar da ƙarfen. Sallau ya ce, "Zan ɗauke shi don ke. Ya yi min shirme uku, ya koma gida."

Wata rana aka jawo wata bas da igiya. Direbanta ya ce, "Ta mutu." Nomau ya tsuguna a gabansa ya ce, "Ya haƙuri? Ta daɗe tana jinya?" Direban, da ya shekara ashirin da ita, ya kau da kai yana share ido. Nomau ya ɗauki diga ya zaga baya. Kafin la'asar ya haƙa ramin da zai ci bas, kuma Sallau ne ya fara faɗawa ciki. Daga ƙasa ya ce, "Ɗaya."

Wata rana Sallau ya nuna masa tarin batura da tarkace ya ce, "Ware min masu rai da matattu." Nomau ya bi baturan yana kara kunne, bai ji mai numfashi ba, ya watsa su cikin bola. Ya dawo da ƙadangaru biyu a kwali da wata kaza da ke kwanci a kujerar baya. Kazar ta tsattsage Sallau a hannu. Ya ce, "Biyu."

Ranar nan Hansai ba ta iya cin abinci ba, don tsoro ya kama ta sosai. Ta ce, "Maigida, don Allah ka riƙa tunani. Garin da ya rage ba zai kai Juma'a ba."

Wata rana aka kawo wata tsohuwar akori-kura. Sallau ya ce, "Gobe Baba Korau zai yanka ta, ka shirya ta." Nomau ya yi tunani kamar yadda aka roƙe shi, ya tuna ko akuya ba a yanka ta sai an ba ta ruwa. Ya nemo bakin tanki, ya yi ta ɗura bokiti bayan bokiti.

Da safe Sallau ya tarar durom ɗin ruwansa wayam.

"Ta sha, Yaya," in ji Nomau, "har ta yi aman fetur."

Sallau ya ɗaga yatsu uku. Daidai nan wutar Baba Korau, tsohon mai yankan ƙarfe, ta huda tankin, ruwa ya tsinko yana warin mai. Tsohon ya kashe wutar, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon tabon ƙuna da ke hannunsa.

"Wa ya ce min tankin nan a bushe yake?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Shi ya ce.

"To, ba don ruwan nan ba, da tankin ya fashe da wuta, da yau ramin da Nomau ya haƙa ya samu masu shiga, ni da kai."

Sallau ya naɗe yatsunsa ya sa a aljihu. Har yau a filin nan ba a yanka mota sai Nomau ya ba ta ruwa, kuma sai ya shafa mata goshi ya ce ta yafe.