Yadda Ake Fentin Jirgin Jamus da Rariyar Inna

Kai mai haɗa 'yan ƙananan jiragen yaƙin Jamus na roba, matso kusa. Ban yi boko ba, surukata Nafissa ke rubuta mini, amma wata takwas ke nan ina kallon mijinta yana wannan aiki a falonmu na unguwar Al Nahda, nan ƙasar Larabawa. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari jirginka zai fito sak na 1943.

1. Kada ka ce toka-toka

Kowane launi da lambarsa: saba'in da huɗu, saba'in da biyar. Na duba da idona, duk tokar murhu ce. In uwarka ta faɗi haka, dafe ƙirji ka ce, "Haba Inna, tarihi ne!" Magidanci da gemu da 'ya'ya biyu.

2. Ciki shuɗi, baya duhu

Wai don na ƙasa ya zaci sama ce, na sama ya zaci ƙasa ce. Jirgin kuwa a kan firij yake zaune. Ban san mai harbinsa a can ba.

3. Auna alamar fiffike

Baƙin kuros ne, wato gicciye, mai farin baki. In ya kauce da ƙwayar gero ɗaya, kankare ka sake. Labulen falo da ya karkace tun azumi ya jira, shi ba ya cikin tarihi.

4. Dabbare-dabbaren gefe

Nan gwaninta take. Gefen jirgi na son ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Kada ka sayi komai. Shiga kicin, ɗauko rariyar da uwarka ta taho da ita daga Maraɗi, shekara ashirin tana hannunta, ka kara a jikin jirgi, ka fesa fenti ta cikin ramukan. Mayar da ita wurinta, kada ka ce uffan. Ranar Juma'a na tankaɗe garin masara, baƙi shida na jira, tuwo ya fito lamba saba'in da huɗu.

5. Ba da haƙuri irin na masana

"Kalas, ya isa Inna, akwai ta roba a kasuwar Murshid Bazaar." Ta roba! Kai da ka ƙi shafa fentin 1944 a jirgin 1943, ni za ka miƙo wa jabu?

6. Gwada fentin

Fentin ɓuya, a ɓuya ake gane kyansa. Gasarsu ta masu jiragen roba ranar Asabar ce, tun Talata ɗan nawa yake ɗaga katifu yana leƙa bayan firij, yana neman jirginsa. Na ce, "Barka da aiki, ɗan nan. Ya yi kyau har kai ba ka ganinsa."

A kula: in ka bi matakan nan jirginka ya ɓace, ba ruwana, ba ruwan Nafissa da ke rubutu tana dariya. Jikina dai ya ba ni cewa jirgi zai sauka ranar da rariya mai bakin katako, aikin Maraɗi, ta sauka daga jirgin kaya, wato kago. Mai kago ya ce kwana tara. Asabar kuwa jibi ce.