Makamin Nutsar da Jirgi a Busasshen Tafki

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da na harba makami mai linzami a garin Gure ba. Eh, Guren da kuka sani, inda in mutum ya ce zai tafi ganin teku sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya hajji. Ni kaina har yau ban taɓa ganin teku ba sai a cikin waya.

Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, ga ƙuruciya ga ji da kai, ina ganin duk garin ni kaɗai na san darajar ilimi. Na kafa ƙungiyar ɗalibai masu son kimiyya, amma ba mu da wurin ajiye kayanmu. Wayoyi da batura da gwangwanaye duk a ƙarƙashin gadona suke kwana. Akwai wani ɗaki da ba kowa a bayan ofishin darakta, wato shugaban makarantar, na ƙwallafa rai a kansa. Matsalar ita ce shugaban ƙungiyar iyayen yara, Alhaji Bukar, dattijo mai rawani wanda ba ya dariya sai da dalili, yana so a zuba karyayyun bencina a ciki.

Darakta ya ce mini, "Mushe, maganar ɗaki a hannun Alhaji take. In ka burge shi ranar bikin rufe lakol, ɗaki ya zama naka." (Mushe ake kiran malamin boko a wajenmu, lakol kuwa makaranta.)

Da mai hankali ne, da murhu mai aiki da hasken rana ya ƙera, ko injin ban ruwa, abin da dattijo zai gani ya gyaɗa kai. Ni kuwa sai na ci karo da wani bidiyo na ƙaramin makamin da ake kai wa jiragen ruwa hari da shi, na kalla har wayata ta mutu. Abu biyu suka tafi da hankalina. Na farko, an rage masa nauyi yadda jirgi mai saukar ungulu zai iya ɗaukarsa. Na biyu, ba ya tashi sama kamar sauran; ƙasa-ƙasa yake bi, yana shafar fuskar ruwa, har ya iso na cikin jirgi ba su ankara ba. Na ce wannan shi ne ilimi, kuma shi zan nuna wa mutanen Gure.

Kada ku tsorata, ba albarushi a nawa. Gorar lemo ce ta roba, a zuba mata ruwa rabi, a ɗura mata iska da famfon keke, a saki toshiyar, ruwa ya feso ta baya ita kuma ta yi gaba. Fuka-fukai daga tsohuwar jarka muka yanko su. Hancin kuwa soson katifa ne.

Da kaka muka fara gwaji a bakin tafkin bayan gari, lokacin yana cike taf. Na farko ya miƙe sama ya dawo a kan kafaɗata. Na biyu ya yi ta juyi kamar kazar da aka yanka. Wani ya nutse cikin taɓo, har yau yana can. Ɗalibai suna dariya, ni ina cewa haka manyan injiniyoyi suka fara. Muka gyara fuka-fukan suka zama huɗu a gicciye, muka ɗan ƙara wa hancin nauyi da yashi, muka kwantar da katakon harbawa. Wata ranar Asabar ya tashi ya bi fuskar ruwa sumul, ya bugi ƙwaryar da muka sa a matsayin jirgi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na adana shi, na shiga rubuta jawabi.

Abin da babban injiniya bai sa a lissafi ba shi ne, ana rufe makaranta ne a tsakiyar zafi. Da na koma duba tafki kafin biki, sai na tarar da ƙasa ta tsattsage, awaki suna yawo a inda teku ya kamata ya kasance.

Ban karaya ba (da ma na karaya). Na sa ɗalibai suka haɗa ƙaton jirgi da kwalaye, muka yi masa fenti, har da tuta. Na roƙi maigadin makaranta, Malam Kiari, ya ara mana amalankensa da jakinsa, a ɗora jirgin a kai, jaki ya ja shi a hankali kamar yana tafiya a kan ruwa. Ya dube ni ya dubi jirgin ya ce, "To, Mushe. Amma fa jakin nan ba ya son abin da bai saba ji ba." Na ce kada ya damu, ƙarar ba ta kai tari ba.

Ranar biki aka gama wasan kwaikwayo da rabon kyaututtuka, sannan jama'a suka ɗunguma zuwa tafki. Na riga na tsara kowa ya tsaya a bayana. Sai dai rana ta take, kuma a duk wajen bishiya ɗaya ce mai inuwar kirki, wata kanya a ɗaya gefen. Kafin in ankara an shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gindinta, Alhaji Bukar a tsakiya. Wato daidai bayan jirgina.

Na san ya kamata in tashe su. Har na taka na isa gabansu, na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Mun samu wuri mai kyau, daga nan za mu ga komai." Ku gaya mini, da wane baki yaro kamata zai ce wa sa'o'in ubansa su tashi daga inuwa su koma rana? Na ce, "Haka ne, Baba." Na dawo ina lallashin zuciyata cewa ai jirgin yana tsakani, shi zai tare.

Na karɓi lasifika na yi bayani, na yi bayani, har wata mata ta tambayi ta kusa da ita ko an fasa harbin ne. Na bayyana rashin nauyi, na bayyana bin ƙasa-ƙasa. Malam Kiari ya kaɗa jaki, jirgi ya fara tafiya. Na tsuguna na yi ta buga famfo, kuma don in burge Alhaji na ƙara iska fiye da yadda muka saba. Na yi bisimilla na ja igiyar da ke sakin toshiyar.

Ƙarar ta fi tari nesa ba kusa ba. Ruwan ya feso ya wanke mini gaban wando. Jaki ya zabura ya yi hanyar gari da jirgin yaƙi a bayansa, tuta tana kaɗawa, Malam Kiari yana binsa yana kiran sunan Allah. Makamina kuwa, sai a ranar ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Ya miƙe sumul, ƙasa-ƙasa, ya ratsa inda jirgi yake ɗazu. Sai a lokacin na gane cewa tsayin da na wahala ina nema daidai yake da kan mutumin da ke zaune a tabarma.

Ya ɗauke rawanin Alhaji Bukar. Rawanin ya warware ya bi shi, hular ta gangara gefe, kan Alhaji da aka aske ƙwal ya bayyana a gaban iyaye da ɗalibai da matan gari.

Lasifika tana hannuna, wandona yana ɗiga, ƙwaƙwalwata ta ɗauke. Ba abin da ya rage a cikinta sai jimlar ƙarshe ta jawabin da na haddace, kuma bakina ya sake ta ba da izinina ba: "Kamar yadda kuka gani, abokin gaba ba ya ganin zuwansa."

Alhaji ya shafa kansa a hankali, ya duba tafin hannunsa, ya ga ba jini. Ya ce, "Gaskiyarka, Mushe. Ban gan shi ba."

Nan dariya ta ɓarke. Dattijon da ke kusa da shi har ya kwanta a tabarma. Darakta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na so ƙasar tafkin nan ta ƙara tsagewa in shige. Na je na tsinto rawanin na kakkaɓe, na kawo da hannu biyu ina ba da haƙuri, ina ƙoƙarin kare gaban wandona da gwiwar hannu. A raina na riga na yi sallama da ɗaki, ina tunanin ma ko in nemi a mayar da ni wata makaranta can a garin Kelle.

Bayan 'yan kwanaki darakta ya kira ni ofis ya miƙo mini makulli. Ya ce iyaye sun zauna, kuma Alhaji da kansa ya kawo maganar. Nan take kaina ya fara kumbura, na ce ashe dattijon ya gane darajar aikin. Da na yi shiru da na tafi da farin cikina, amma sai na tambayi me ya ce.

Darakta ya gyara murya. "Cewa ya yi, ɗakin nan yana da bango huɗu da ƙofa mai ƙarfi, kuma tagarsa ba ta kallon hanya. A ba yaron nan, ya riƙa yin abinsa a ciki, mu samu mu zauna a inuwa lafiya."

Na karɓi makullin na yi godiya. Har yau ƙungiyarmu tana ɗakin, murhun rana muke ƙerawa. Abin da na koya kuwa shi ne, in an ba ka abin da ka roƙa, ka karɓa ka yi gaba, kada ka tsaya tambayar dalili.