Yadda Za Ka Lissafa Wutar Gidan Surukinka da Ido

Kai mai neman aure, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan surukinka da bakinsa zai kira ka Injiniya. Ephraim na unguwar Kolere ya bi su shekarar da aka dawo Mubi daga gudun hijira, lokacin yana neman Dibora 'yar Baba Kwaji kamar ransa zai fita.

1. Karɓi aikin kafin a ba ka

Baba Kwaji ya dawo ya tarar an kwashe wayoyin wutar gidansa. Ephraim, wanda iyakar iliminsa canza batirin tocila, ya soke testa, sukudireban gwada wuta, a aljihun gaba ya ce, "Baba, ina da rai za ka kira wani?" Ka lura, testa a aljihu ta fi takardar shaida.

2. Auna da ido

Ƙa'ida ta ce a auna girman kowane ɗaki, a tara wat ɗin ƙwayayen fitila, sannan a zaɓi kaurin waya. Wannan aikin marasa budurwa ne. Kai dai ka kalli silin, ka motsa leɓe, ka gyaɗa kai. In Dibora tana leƙe, ka ƙara da tsaki.

3. Rage nauyi

Masana sun yarda ba a kunna fitilun gida duka lokaci ɗaya, don haka akan ɗan rage lissafi. Ephraim ya rage rabi. Ya ga bai gaji ba, ya sake rage rabi. Siririyar waya ɗaya ta ɗauki gida har da zaure.

Baba ya murza ta ya ce, "Yarona, wannan waya bai yi siriri ba?"

"Na zamani ne, Baba."

4. Kori fis

Fis abu ne mai saurin fushi, da ya ji nauyi sai ya tsinke ya ba ka kunya. Ɗaura waya mai kauri a gurbinsa, kowa ya huta.

5. Kada ka tambayi halin mutanen gidan

Wata da watanni babu wuta, kowa a gidan ya bar makunninsa a kunne don ya san ranar da za ta dawo. Uwar Dibora har da dutsen guga. Wutar kuwa ta tashi dawowa da azahar ɗin da kawunnan Ephraim suke zaune a falo, ana tsakiyar maganar aure. Gida ya haska baki ɗaya, har Baba ya ce, "Kun ga Injiniya." Sai warin roba. Sai hayaƙi ta silin.

Da aka kashe gobarar da yashi, Baba Kwaji ya daɗe yana kallon sama ta inda silin yake a dā. Wallahi na ji tausayin tsohon. A hankali ya ce, "Yarona, masu bindiga ma sun bar mini wannan."

Gargaɗi: Injiniya na ce za a kira ka, kuma an kira Ephraim. Maganar aure ba ta fito daga bakina ba. Wanda gidansa ya kama, kada ya nemi ƙofata.